Kiran da Na'ibi Ya Katse

Na'ibi yana tsakiyar karanta babin ruwan da ya halatta a yi alwala da shi, bayan sallar la'asar, sai waƙa ta tashi a cikin masallaci. Kiɗa ne sosai, na fiyano da gangar na'ura, irin wanda ake sakawa a shagunan aski da motocin haya. Muryar mace siririya ta hau kansa, tana roƙon wani da ya yi nisa ya waiwayo.

Masu ɗaukar karatun dattawa ne, yawancinsu sa'o'insa. Kowa ya shiga laluben aljihu.

"Subhanallahi!" in ji Ladan. "Wane ne wannan? A ɗakin Allah?"

Na'ibi ya ɗago kai zai yi faɗa, sai ya ji aljihun rigarsa yana kaɗawa a ƙirjinsa.

Ya san muryar tun kafin ya san daga inda take fitowa. Ta Auta ce, ƙaramar 'yarsa. Tun tana makaranta ita ake ba wa waƙen yabon Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, shi kuwa yana zaune a sahun iyaye yana sunkuyar da kai don kada a ga daɗin da yake ji. Daga nan wani mai situdiyo ya ji ta. Aka fara da amshi, aka koma waƙoƙin soyayya, har ta kai ga waƙa tare da samarin nan masu zuba magana da sauri a kan kiɗa. Gari ya sa mata suna Kanari. Ranar da waƙarta ta farko ta fito, ta ɗauki 'yar wayarsa mai maɓallai ta yi latse-latsenta, ta ce, "Baba, in ka ji wannan ka san ni ce. Ba wanda zai kira ta fito sai ni." Ya ce ta cire. Ta yi dariya ta gudu ɗaki.

Bayan haka ne abubuwa suka yi tsami. Da hotonta ya bayyana a bangon titi, ya ce ta zaɓa tsakanin waƙa da gidansa. Ya ƙara da cewa kada ta sake kiransa sai ranar da ta bari. A ƙofar wannan masallaci kuma, gaban waɗannan mutane, ya ce shi ba shi da 'ya mawaƙiya. Ta bi umarninsa a abu ɗaya: ba ta sake kira ba. Shekaru suka shige, ya manta da abin da ke cikin wayar.

Yanzu ga shi tana kira, idanu kuma duk sun dawo kansa. Ya zaro wayar. Maɓalli kore na daf da babban yatsansa, ja ma haka. Ya dubi Ladan, ya dubi littafin da ke buɗe a gabansa, ya danna ja.

"Astagfirullah," ya ce. "Aikin yara ne. Mu ci gaba."

Ya ci gaba, amma sai da ya maimaita layi ɗaya ba tare da ya lura ba, kuma ba wanda ya gyara masa. Wannan shirun ya fi masa ciwo.

A bakin ƙofa, wajen sa takalma, Mai Aski ya tsaya kusa da shi. Abokinsa ne tun ƙuruciya, shi kaɗai ke iya zolayarsa.

"Allah ya gafarta Malam, ashe kai ma kana taɓawa? Ai da ka faɗa mini na sa maka sabuwar. Wannan ta tsufa."

"Ka ji tsoron Allah, Wanzam."

"Ina ji. Ni dai a shagona nake sakawa, ban taɓa kai ta mihrabi ba." Ya yi dariya, sannan ya rage murya. "Ita ce ta kira?"

Na'ibi ya yi kamar yana neman ɗaya takalmin.

"Ka ɗauka?"

"A cikin karatu?"

"To," in ji Mai Aski. "Karatu kam ya tashi yanzu."

Bai kira nan take ba. Sai da ya wuce shagon mai cajin waya, inda wata waƙar tata ke tashi daga lasifika, ya wuce masu gyaran babur, ya shiga lungun da babu kowa, sannan ya tsaya jikin bango ya danna lambar. Aka ce wayar a kashe take. Ya sake. Haka dai.

A gida ya tarar da ɗakin matarsa a rufe. Da safe ta ce masa za ta dubo mara lafiya, bai tambayi ko wane ne ba. Ya kira ta.

"Uwar Auta, kina ina?"

"Ina asibiti, Malam," in ji ta. "An shiga da ita."

"Da wa?"

"Da 'yarka. Wani abu ne ya fito mata a maƙogwaro, ya daɗe. Likita ya ce sai an yanka, kuma bai yi alkawarin muryar za ta dawo yadda take ba. Ni na matsa mata. Na ce kada ta yarda a sa mata allurar barci ba ta nemi gafararka da bakinta ba, tun tana da bakin. Ta ce ka hana. Na ce uba uba ne." Ta ƙara da cewa, "Da wayar ta yi ta ƙara har ta gaji, da na ce mata kana salla. Amma ta ga katsewa aka yi. Ta miƙo mini wayar ta ce, Mama, kashe ta."

Na'ibi ya zauna a kan tabarmar tsakar gida. Kunyar da ya ji a masallaci, wadda ya ɗauka babu irinta, sai ta zame masa ƙarama. Can ya ji kunyar mutanen da gobe za su manta. Nan kuwa ya tuna yawan lokutan da ya karantar da cewa Allah yana sadar da wanda ya sadar da zumunci, yana yanke wanda ya yanke shi. Ra'ayinsa a kan kiɗa bai canza ba. Amma ya san ba don Allah ya danna jan maɓallin nan ba. Don idon Ladan ya danna.

Washegari da hantsi aka bar shi ya shiga. Ɗaki ne mai gadaje da yawa, kowane da masu jinya a gefe, ga warin magani. Wasu 'yan mata a bakin ƙofa suna leƙe suna raɗa, "Kanari ce, wallahi ita ce." Ya ratsa ta tsakaninsu da rawaninsa, yana jin suna kallonsa.

Tana kwance, wuyanta naɗe da farin bandeji, ta rame. Ba kwalliya, ba komai, sai fuskar da ya sani. Ma'aikaciyar jinya ta ce masa, "Baba, ba a yarda ta yi magana ba, ko raɗa."

Ya tsaya a gefen gadon. Duk abin da ya shirya a hanya ya gudu. Ya ce, "Sannu." Ya ce, "Allah ya ba da lafiya, ya sa kaffara ne." Ta dube shi, ta kawar da kai wajen taga.

Uwarta ta tashi ta ba shi kujera, bai zauna ba.

"Jiya," ya fara.

Auta ta miƙa wa uwarta hannu. Uwar ta gane, ta zaro wayar daga jaka ta kunna ta ba ta. Ta yi latse-latse ba tare da ta dubi kowa ba.

Kiɗan ya tashi daga ƙirjin Na'ibi, fiyano da ganga, sannan siririyar muryar da watakila ba za a sake jin irinta daga wannan maƙogwaro ba. Masu jinya suka juyo gaba ɗaya. 'Yan matan bakin ƙofa suka toshe baki. Wani dattijo da ke gadon ƙarshe wajen matarsa, wanda ya san Na'ibi a masallaci, ya zuba masa ido.

Na'ibi ya ji zafi ya hau fuskarsa har kunnuwa. Ya zaro wayar a hankali, bai yi gaggawar rufe ta da tafin hannu ba. Ya danna kore, ya kai ta kunne, alhali 'yar tana gabansa, hannu zai iya kai mata.

"Na'am, Auta," ya ce. "Ina jin ki. Ni ne ya kamata in fara, ki yi shiru ki saurara."