Sanƙon Mai Raba Wasiƙu

Ranar Lahadin farko ta kowane wata Papa yakan goge takalminsa, ya sa jakit ɗin da yake zuwa biki da ita, in kai shi taron ƙungiyarsu a ɗakin bayan wani gidan shan kofi kusa da tashar jirgin ƙasa ta garin Namur. Su goma sha ɗaya ne, duk masu tara mutum-mutumin jaruman littattafan zane. Bana ƙungiyar ta cika shekara talatin, aka shirya baje koli a zauren ɗakin karatu na unguwa. Kowa zai kawo abu ɗaya, wanda ya fi ji da shi.

Papa bai yi wani dogon tunani ba. Pinchart zai kai.

Eustache Pinchart, mai raba wasiƙun nan na littattafan marigayi Houbion mai zane, mai dogon hanci, jaka a kafaɗa, ƙafa ɗaya a sama kamar kare ya biyo shi. Tsawonsa bai wuce na kwalbar lemo ba. Papa ya tsince shi a kasuwar tsofaffin kaya shekarar da aka haife ni, ba kwali, ba takardar shaida, ba lamba a ƙarƙashinsa. A wurin mutanen nan kuwa, mutum-mutumi marar kwali kamar matafiyi ne marar fasfo. Shi ya sa shekara ashirin da shida Pinchart bai taɓa fita daga falonmu ba. Kowace Asabar Papa yana share masa ƙura da burushin kwalliyar Mama, yana ce masa, "Yau ma ba wasiƙa?"

Ni na riƙo shi a cinyata, naɗe cikin tawul, har muka shiga ɗakin taron.

Shugaban ƙungiyar, Monsieur Désiré Lambotte, tsohon mai duba tikiti ne a jirgin ƙasa, kuma har yau kallon da yake yi wa kowa ke nan. Ya sa farar safar hannu, ya buɗe kundin da aka jera duk ayyukan Ghislaine Wautelet, matar da ta sassaƙa Pinchart, sannan ya zaro ma'auninsa na ƙarfe mai baki biyu.

"Milimita ɗari biyu da goma sha huɗu," in ji shi. Ya sake aunawa. "Kundi ya ce ɗari biyu da goma sha ɗaya."

"Ƙila ya girma ne a gidan Firmin," in ji Yvette Collignon, wadda take sayar da furanni, tana kallon Papa. "Abincin matarsa ba wasa ba."

Aka yi dariya, har da Papa. Sai Monsieur Lambotte ya juya Pinchart, ya leƙa ƙarƙashin hular.

"Firmin. Naka yana da sanƙo."

Yvette ta fito da nata Pinchart daga kwalinsa, lamba ta tamanin da bakwai cikin ɗari uku, aka jera su biyu. Nata gashi ne murɗe-murɗe a ƙeya, ya leƙo daga ƙarƙashin hula. Na Papa kuwa ƙeya ce sumul, sai ɗan gashi a gefen kunnuwa.

"Zubin bayan gareji ne wannan," in ji Monsieur Lambotte. "Wani ya kwafa, gashin ya ƙi fita, ya shafe wurin. Ka yi haƙuri, abokina. Jabu ba ya hawa teburinmu."

"Aikin hannun dai ya yi kyau," in ji wani daga can baya. "Ɓarawon ya iya."

Kunnuwan Papa suka yi ja. Ya ce ba komai, ai dama tsintuwa ce. Ni kuwa akwai maganar da ta zo mini har bakin leɓe. Na buɗe baki, mutum goma sha ɗaya suka yi kamar za su juyo, na kurɓi kofina.

Da muka koma gida Papa ya sa Pinchart a ƙasan kabad, wurin da muke ajiye fitilun Kirsimeti. Ya ce wata mai zuwa kada in wahalar da kaina, taron ya fara gundurarsa. Asabar ta zo, burushin Mama bai motsa daga wurinsa ba.

Maganar da na haɗiye ita ce wannan. A ɗakin haɗa haƙoran roba nake aiki, kullum cikin zuba abu a mazubi nake. Ruwan ƙaron da muke amfani da shi yana ɗan tsukewa in ya daskare. In ka kwafi abu daga kwafi, na biyun ya fi ƙanƙanta. Jabun da aka zuba daga irin na Yvette dole ya gaza shi tsawo. Na Papa kuwa ya fi shi.

A ƙungiyar ana ambaton Ghislaine Wautelet kamar waliyyiya, ana gardama a kan yadda take lanƙwasa gwiwa da yadda take sa riga ta yi kamar iska na kaɗa ta, amma ba wanda ya taɓa tunanin a je a gaishe ta. Lambarta tana cikin littafin waya, a garin Huy. Na rubuta abin da zan faɗa a takarda. Sau biyu ina kashe wayar kafin a ɗauka. A na uku wata murya ta ce, "In kai ne mai kira kana kashewa, ka yi magana ko ka bar ni in ci abinci."

Ranar Asabar na same ta a ɗakin aikinta, tsohuwa 'yar ƙarama mai manyan hannuwa, tana cin soyayyen dankali daga takarda a tsakanin yumɓu da wuƙaƙen sassaƙa. Na kwance tawul ɗin. Ta goge yatsunta a gaban rigarta, sama-sama, ta cafki Pinchart a wuya. Na miƙa hannu kamar zan karɓe shi. A gidanmu ko Mama ba ta taɓa shi.

Ba ta dube shi ba ma. Ta rufe ido, ta bi hancin da babban yatsa, ta gangara kan jakar, ta zagaya baya. Da yatsan ya isa ƙeya sai ta tsaya, ta fashe da dariya har da tari.

"Ɗan banza! Ashe kana raye!"

Ta tura mini kujera da ƙafa, ta miƙo mini dankalin.

"Kin karanta littattafan, 'yata? Goma sha tara ne. Nuna mini shafi ɗaya da aka ga bayan kan Pinchart."

Na yi tunani. Babu.

"Babu! Shi mai zane abin da ya ga dama yake nunawa. Ni kuwa dole in zagaya mutum duka. Hancin nan, in kin duba daga gaba gajere ne, daga gefe kamar karas. Wata biyu na yi ina neman hancin da zai gamsar da ɓangarorin biyu. Da na zo ƙeya sai na je wurin Houbion, na ce, Marcel, yaya bayan kan yaron nan yake? Yana duƙe a kan teburinsa, ko juyowa bai yi ba. Ya ce, yi abin da kika gani. To, me nake gani in ba ƙeyarsa ba?"

Ta shafa sanƙon da yatsa.

"Wannan shi ne zubin farko, kai tsaye daga yumɓuna. Da na kai masa ya gani, ya yi kwana uku ba ya ɗaga wayata. Matarsa kuwa ta ɗauke shi tana dariya, ta sa a jaka, ban sake ganinsa ba sai yau. Na koma na zuba wani, na liƙa masa gashi, aka yi sabon mazubi daga shi, daga nan kuma masana'anta ta yi nata. Duk ɗari ukun can jikoki ne."

Na ce, cikin muryar da ni kaina da ƙyar na ji, ko za ta rubuta mini takarda.

"Takarda? Mutanen da suka ƙi yarda da wannan hancin za su yarda da rubutuna? Cewa za su yi an kwafi sa hannun. Yaushe ne baje kolin?"

"Juma'a mai zuwa da yamma ake jera kaya."

"Ki zo ki ɗauke ni. Amma batun milimita ke za ki yi musu, ni ban iya lissafi ba."

Papa bai so zuwa ba. Na ce masa motar tana waje, kuma akwai wata baƙuwa a ciki da ba ta son jira. Da na faɗa masa sunanta sai ya koma ciki ya canja takalmi. Duk hanya yana zaune a baya riƙe da tawul, yana kallon ƙeyar Madam Wautelet.

A zauren an shimfiɗa jan ƙyalle a kan tebura, kowa yana ta gyara ɗan akwatin gilashinsa. An riga an cire katin sunan Papa. Madam Wautelet ta tsaya a bakin ƙofa tana neman inda za ta rataye rigar ruwanta, ba wanda ya kula ta, don ba wanda ya san fuskarta.

"Firmin, mun gama wannan maganar," in ji Monsieur Lambotte da ya ga tawul ɗin.

"Monsieur Lambotte," na ce. Duk suka juyo, kuma babu kofi a hannuna. "Kwafi ba ya fin asali girma. Tsukewa yake yi. In na Papa ya fi tsawo, to shi ne ya riga."

"Kai! Ashe Maud tana magana!" in ji Yvette.

"Kundi dai ya ce..." Monsieur Lambotte ya fara.

"Kundin bai tambaye ni ba," in ji Madam Wautelet. Ta ratso tsakaninsu, ta ɗaga gilashin Yvette, ta ɗauki lamba ta tamanin da bakwai da hannu tsirara. Yvette ta yi wata 'yar ƙara kamar an taka mata ƙafa.

"Madam! Ba a taɓawa!"

"Ni na yi shi, 'yar'uwa, na taɓa wuraren da ba ki san da su ba. Kai mai safa, cire ta."

Papa ne ya faɗi sunanta, a hankali, kamar mai karanta addu'a. Kowa ya saki abin da yake gyarawa. Monsieur Lambotte ya dubi safarsa. Shekara talatin yana tara waɗannan abubuwa, ina jin fatarsa ba ta taɓa haɗuwa da ko ɗaya ba. Ya zare ta yatsa bayan yatsa.

"Rufe ido. Kawo babban yatsan." Ta ɗora shi a ƙeyar Pinchart ɗin Yvette. "Bi ta sama da gashin. Ka ji wani ɗan tudu, kamar gefen faranti?"

"Na ji."

"Nan na liƙa gashin. Sauri nake yi, ina jin haushi, ban goge da kyau ba. Yanzu taɓa wannan."

Ya taɓa na Papa. Ya daɗe, idonsa a rufe. Daga ƙeya ya wuce kafaɗa, ya bi igiyar jakar, ya sauka har gwiwar da take sama.

"Akwai shatin yatsa a bayan gwiwa," in ji shi.

"Nawa ne. A sauran ya ɓace."

Sai ga su sun yi layi, manya da furfurarsu, kowa yana cusa safarsa a aljihu. Madam Wautelet ta ba su labarin Houbion da matarsa, ta ƙara gishirin da ba ta sa mini ba. Monsieur Lambotte ya buɗe kundinsa yana neman inda zai rubuta, ya rasa, daga ƙarshe ya rubuta a saman lamba ta ɗaya, da fensir. Sannan ya zaro katin Papa daga aljihun ƙirjinsa, ya ɗora a teburin tsakiya.

"Na yi kuskure, Firmin."

"Ba kai ba ne, ma'auninka ne," in ji Papa, kunnuwansa sun sake yin ja.

Ya ajiye Pinchart a kan jan ƙyallen, ya ja da baya ya duba, ya dawo ya juya shi. Washegari da aka buɗe ƙofa, mutum-mutumi goma suna kallon jama'a, ɗaya ya ba su baya, kuma a gabansa aka fi cunkoso. Monsieur Lambotte ya tsaya a gefe yana yi wa kowa bayanin milimita uku kamar shi ya gano su.

"Désiré, matsa can," in ji Yvette. "In ka duƙa kusa da shi da wannan sanƙon naka, mutane ba sa gane wanne aka kawo su gani."

Papa ya sunkuyo wajen kunnena. "Maud, kin taho da burushin?"

Yana cikin jakata.