Jar Motar Alhaji Isiyaku

Duk Zongo babu wanda bai san jar motar Alhaji Isiyaku ba. Ƙofa biyu gare ta, kujera biyu, ga ta ƙasa-ƙasa kamar mai rarrafe. A hannun wani Nasara da zai koma ƙasarsu ya saye ta, tun zamanin da goro ke aurar da mutum har ya kai shi Makka. Motar samari ce masu son gudu, amma haka dattijon zai tattare babbar riga ya cusa kansa ciki, in an yi masa tsiya ya ce a bar shi da amaryarsa. To, amarya dai ta tsufa, kuma a cikinta ya cika.

Tun wajen damina ta ɗauki wani mugun hali. Tana cikin tafiya lafiya lau sai ta yi tari, ta shaƙe, ta mutu murus a tsakiyar titi. A yi ta murza makulli a banza. In aka ƙyale ta ta huta, sai ta tashi abinta kamar ba ita ba. Babban ɗan Alhaji, Abdulƙudus, bakanike ne mai garaji a unguwar Kossodo, shi ke duba ta. Ya sauya buji, wato fulogi, ya wanke karbireta, ya sa sabuwar bobin, wato abin da ke ba buji wuta. Daga nan ya miƙa wa uban makulli a gaban mahaifiyarsa, Hajiya Adawiyya, ya bugi ƙirji ya ce ta warke. Bakin mutum ai shi ke yanka wuyansa.

Wata Laraba bayan azahar Alhaji ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gida, bakinsa ya karkace. Abdulƙudus ya sungume shi ya sa a jar motar, ya nufi asibiti a guje. Sun kusa unguwar Dapoya motar ta yi tarin nan nata, ta mutu. Ga korayen tasi na wucewa, ga masu babura sun taru suna cewa a sauya masa mota. Ina! Hannun bakanike ya riga hankalinsa, ya ɗaga kapo, murfin injin, yana cewa yanzu-yanzu za ta tashi. Ta kuwa tashi, don kanta. Da ya koma ciki ya tarar kan uban ya kwanta a jikin gilashi.

Tun ranar Hajiya Adawiyya ba ta ƙara yi masa magana ba. Tana takaba a ɗakinta, ya je ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ta, ta juya fuska bango. Abincin da matarsa ta aiko, yadda ya zo haka yake komawa. Ƙanwarsa Hadiyya ce ke kai da komo a tsakani, ta ce masa, "Yaya, ka yi haƙuri, ça va aller, komai zai wuce. Cewa take ka yi wa Baba aikin ganin ido." Wannan kalma ta fi zagi ciwo. Mutum yana iya rayuwa da talauci, yana iya rayuwa da ciwo, amma fushin uwa fa? Abdulƙudus ya rame, ya yi baƙi. So yake ya gano abin da ke kashe motar, ya kai wa uwar a tafin hannu ta gani ba sakacinsa ba ne, ko ta sa masa albarka. Lokaci kuwa ya ƙure, don an ce bayan sadakar arba'in za a sayar wa wani Bakano ɗan kasuwar atamfa da ya daɗe yana maitar motar.

Ya ja ta zuwa Kossodo, ya sallami sauran ayyuka. Ya bi wayoyinta ɗaya bayan ɗaya yana girgizawa ko akwai mai sako-sako, babu. Ya cire famfon mai ya gwada, yana tsartuwa kamar sabo. Ya bar ta tana aiki a tsaye wuni guda, 'yar banzar ko atishawa ba ta yi ba. Yana hawa titi da ita kuwa sai ta mutu masa a gaban wata masana'anta, direbobin tirela na ta danna masa oda suna zaginsa da Mosanci. Nan take ya duba buji, wuta na nan. Ya zare tiyon mai, ya same shi a bushe. Ashe ba wuta take rasawa ba, yunwa ke kashe ta.

Ya zauna a bakin kwalta yana tunani. Alhaji, Allah ya jiƙansa, ba ya cika tanki, kullum ɗan kaɗan yake zubawa. Shi kuwa duk ranar da zai gwada ta bayan gyara sai ya cika ta fal, ta yi ta gudu ba gardama. Ranar Larabar nan ma allurar mai tana ƙasa. Washegari ya ɗaure jarka a kujerar gefe, ya ja tiyo daga cikinta kai tsaye, ya bar tankin a gefe. Ya yi ta zagaya gari har rana ta yi sanyi, motar ba ta ce uffan ba.

Da gari ya waye ya kwance tankin, ya juye man, ya jijjiga shi kusa da kunne. Wani abu ya motsa a ciki, mai taushi, ba ƙarfe ba. Ya lanƙwasa waya ya yi ta lalube har ya kamo shi. Baƙar leda ce, mai ya cinye ta ta saki, ta baje kamar fatar albasa. In mai ya yi ƙasa sai famfo ya zuƙo ta ta toshe bakin bututu, in inji ya mutu zuƙar ta saki, ta koma yawonta. Abdulƙudus ya yi wata irin dariya shi kaɗai, ya ce, "Alhamdu lillahi, ba ni ba ne!" Sannan ya warware ledar.

Laya ce a ciki, an ɗinke ta da jar fata, an naɗe da koren zare. Ya san zaren, da shi Inna, mahaifiyarsa, ke ɗaure ƙullin turaren wutar da take sayarwa. Ya san ƙullin ma, irinsa ne a layar da ya yi yawo da ita a wuya yana yaro. Sai ya tuna. Kafin damina akwai laya rataye a madubin motar, shi ya sa almakashi ya yanke ta, har yana yi wa uwar wa'azi wai tsari na Allah ne. Ba ta yi musu ba a ranar. Cewa kawai ta yi idon mutane na kan motar nan, kuma za ta sa wata inda hannunsa ba zai kai ba. Shi ya ɗauka maganar tsofaffi ce.

Ya mayar da tanki, ya zuba ɗan mai kaɗan irin na Alhaji, ya bi hanyar Larabar nan. Motar ta wuce Dapoya tana gurnani, ta wuce inda ta tsaya, ta kai shi har ƙofar asibiti ba ko tari. Nan ya kifa kai a sitiyari ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza.

Bayan la'asar ya isa gida, layar na aljihun gaban rigarsa. Ya durƙusa a bakin ƙofa. Hajiya Adawiyya na zaune a tabarma da carbi, ta zabge, wuyanta duk jijiya. Hadiyya ta riga ta faɗa mata ya gano ciwon motar, don haka yau ba ta juya bango ba.

"An ce ka gano," in ji ta.

Rabon da ya ji muryarta tun ranar rasuwa. Ya ce, "Na gano, Inna." Hannunsa ya tafi aljihu.

Ta ce, "Ni dai na yi iyakar yina. Ka yanke ta farko, na je na karɓo wata, na sa wa babanka a inda ba ka isa ka taɓa ba. Wallahi abin da ke sa ni runtsawa ke nan. In na tuna ya cika a titi kamar marar gata, sai in ce ai da tsarina a tare da shi, ban bar shi haka nan ba. Ba don wannan ba da tuni na bi shi." Ta share ido da bakin mayafi. "To, faɗa mini. Mene ne?"

Abdulƙudus ya dubi uwarsa. Ga wankin kansa a aljihu, tsakaninsa da shi ciro hannu kawai. Ya ji tausayinta, ya ji haushinta, ya ji tsoron abin da zai biyo baya, duk a lokaci guda. A hankali ya zare hannun, ba komai a ciki.

"Bobin ce, Inna. Tsohuwa na sa masa, na ce sabuwa ce."

Hadiyya, da ke tsaye a bayansa, ta yi salati ta dafe ƙirji. Uwar ta dube shi, ba hawaye, ba faɗa. Sannan ta gyaɗa kai kamar wadda aka faɗa wa abin da ta riga ta sani.

"Tashi ka ba ni wuri," ta ce. "Warin mai kake yi, yana ta da mini zuciya."

Ya tashi, ya dafe aljihun da hannu don kada warin ya ƙara isa gare ta, ya sa takalmansa ya fita.