Faifan Birkin Suruki

Sau uku ke nan a shekara guda wani makanike yana canza wa surukinsa faifan birkin gaba na motarsa, ga shi kuma tsohon ya dawo. Da ya taka birki sai sitiyari ya kama rawa, taya tana gurnani.

Makaniken ya kwance tayar, ya duba. Faifan ya sake lanƙwashewa.

"Kayan yanzu ba su da ƙarko," in ji surukin. "Ko kuwa hannun mai gyaran ne."

 Da makaniken ya gama aiki, ya bi tsohon gida don ya ji motar a hanya. Gangaren unguwar dogo ne, tsohon kuwa ya danne birki tun daga sama har ƙasa. Suna tsayawa ya jawo tiyo, ya feshe tayoyin da ruwan sanyi. Ƙarfe ya yi cuu, tururi ya tashi.

"Baba, kullum haka kuke yi?"

"Kullum. Motata ba ta kwana da datti."

Ashe ga mai lanƙwasa faifan: ruwan sanyi a kan ƙarfe mai zafi. Amma wa zai dubi uban matarsa ya ce laifinsa ne?

"Baba, ku bar mini wankin daga yau. Zan riƙa zuwa in ta huce."