Mazuban da Aka Wanke

Tukunyar tana rataye a ƙugiyar injin ɗaga kaya na masana'anta, cike da narkakken alminiyam, lokacin da direbar ƙugiyar ta leƙa daga kejinta na sama ta ga mazuban suna ƙyalli. Ta taka birki.

Shekara shida tana wannan aikin. A ɗakin tuya ake zuba farin garin alumina a manyan kasake, wutar lantarki ta ratsa shi, ƙarfen ya kwanta a ƙasa, a zuƙo shi. Ita ke ɗauko shi ta juye a mazubai ya daskare. Ba ta taɓa ganin mazuban da tsabta haka ba.

Ta tambaya ta rediyo. Baba Mai Ludayi, tsohon da ke tsayawa gaban mazuban yana kwashe datti daga saman ƙarfe, ya ce sabon manaja ne ya sa aka wanke su da safe saboda baƙi, an kuma goge da tsumma. Ya ce ya yi magana, an ce masa ba a tambaye shi ba.

Kowa a wurin ya san ɗigon ruwa ɗaya a lungun mazubi ya isa. Ƙarfen zai tashi kamar bindiga, kuma fuskar Baba ce mafi kusa.

Baƙin sun jeru bayan igiya da hulunan kwano, wayoyi a sama. Manaja ya karɓe rediyon ya ce ta juye. Ta ce sai an gasa mazuban, minti arba'in. Ya ce ƙarfen zai huce, baƙi kuma jirgi ke jiransu. Ya tuna mata akwai maza goma a bakin ƙofa masu son kujerarta.

Ita da ko a taron safe ba a jin muryarta, sai ga ta ta danna rediyo.

"Yallaɓai, zan juye. Baba, ba shi ludayin ya tsaya a wurinka."

Baba ya miƙa ludayin da hannu biyu, har da rusunawa.

"Bismillah, ranka ya daɗe. Ba shi da nauyi."

Manaja ya dubi ludayin, ya dubi tukunyar. Sai ya juya ga baƙi da murmushi, ya yi musu bayani cewa dokar gidan nan ce, ba a zuba ƙarfe sai mazubi ya gasu. Suka tafa masa. Aka kunna wuta, tururi ya dinga fita daga mazubi na uku da na bakwai.

Da ta sauko, takarda na jiran ta a ofis: dakatarwar mako guda, saboda jinkirta aiki a gaban baƙi. Ta karanta har ƙarshe, ta sa hannu. Sakatare ya miƙo hannu zai karɓa, ba ta saki ba.

"Mazuban layi na biyu fa?" ta ce. "Su ma an wanke?"

Ya ce bai sani ba. Ta mayar da hular kwanonta a kanta, ta nufi layi na biyu.