Sunan Ɗan Farin Iya Hure

Shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, shekara uku bayan yaƙin basasa, Hansai mai man gyaɗa ta rantse sai ta kai Iya Hure garin Gaya ko da tsiya. Iya Hure maƙwabciyarta ce a Toranke, tsohuwar da rumbunta ko ɓera ya daina leƙawa. Ɗanta guda, soja, ya tafi yaƙi bai dawo ba, haƙƙinsa kuma yana kwance a hannun gwamnati. A kasuwa Hansai ta ji wai wani akawu zai zo Gaya daga Kano tantance iyayen mamatan, yini ɗaya tak. Wanda ya kuskure, shi da kuɗin sai dai labari.

Ita kuwa Hansai, in ta sa abu a gaba, gara ka kauce. Ta ari jaki, ta ɗora tsohuwa, suka yi sammako. Sai bayan la'asar layi ya zo kansu.

Akawu bai ko ɗaga kai ba, ya tambayi Iya Hure sunan mamacin. Tsohuwa ta kau da kai.

To, ga inda gizo ke saƙar. Yaron ɗan farinta ne. Shekara ashirin da shida bakinta bai taɓa kama sunansa ba, yadda uwarta ma ba ta taɓa kama nata ba. "Wancan" take ce masa, ko ranar da ya sa kaki ya zo sallama. Hansai ta yi caraf za ta faɗa, akawu ya tare ta: daga bakin uwar yake so, don an sha kawo masa iyayen haya. Ran Hansai ya ɓaci. Ta ce ga takardar soja, ga shaidar dagaci, wace uwar arziki ce za ta kira ɗan fari a bainar jama'a? Shi uwarsa kiran sunansa take yi? Ya ce doka ba ta san kunya ba, ya fara tattara takardu.

Hansai ta durƙusa gaban tsohuwa, idonta ya kawo ruwa don takaici. "Iya, kunya ba ta cika tukunya. Ki faɗa ko a kunnensa ne."

Iya Hure ta ture hannun Hansai. Ta dogara sanda ta miƙe, ta matsa har gaban teburin.

"Ɗan nan, da kuka ɗauke shi ba ku nemi bakina ba. Yau kuke nema? To ba raɗa zan yi ba. Buɗe kunnenka."

Ta ɗaga murya yadda ake kiran yaro daga gona.

"Badaru!"

'Yan layi suka sunkuyar da kai. Akawu ya rubuta, ya miƙa mata tawada ta dangwala.

A hanyar komawa Hansai ta so ta ba ta haƙuri, tsohuwa ta ce ta riƙe abinta, ba ta yi nadama ba. Can da suka fita gari, Hansai na jan jaki, sai ta ji ta a baya tana maimaita sunan a hankali.

"Ashe haka yake da daɗi a baki," in ji Iya Hure. "Da na sani, da na kira shi yana iya amsawa."