Ranar Arfa a Gidan Baba Dogo

"Har yanzu juyawa yake?" in ji Baba Dogo daga kan katifa.

"Juyawa yake, Baba."

Ɗan zoben da ke tsakiyar tele nake nufi, alamar hoto bai zo ba tukuna. Tun bayan azahar Ummi, 'yarsa, ta leƙo ta katanga ta kira ni. Na yi shekaru ina lakol, karatun boko, a Maroko, don haka a unguwarmu ta Gazawa duk abin da ke da waya ni ake nema.

Ɗansa Rilwanu ne ya aiko da na'urar daga Aljeriya, 'yar baƙa kamar sabulu, a jona ta da tele a kalli Makka kai tsaye. Kujerar hajji ɗaya Baba Dogo ya iya biya da ya sai da shanunsa, ya ba matarsa, Inna Hasiya. Bayan tafiyarta ciwo ya kwantar da shi. Likita ya sallame shi, kowa ya gane. Yau Arfa, kuma so yake ya gan ta.

Na cire waya na mayar. Na sake rubuta kod, lambar sirrin. Na'urar ta ce ba ta ga wifi ba.

"Ɗan lakol," ya ce, "can ma haka kuke yi? Ku kashe ku kunna?"

"Haka, Baba."

"Ashe kuɗin jirgi aka ɓata."

Ya yi dariya, ta koma tari. Rana tana faɗuwa a Makka kafin ta faɗi a nan. In ta faɗi, alhazai za su bar filin.

Na tambayi Ummi ina akwatin wifin yake.

"Yana ɗakin Inna. A kunne yake, wallahi."

"Nuna mini."

Ta buɗe ɗakin. Na bi wayar kuran, ta lantarki, da ido: ta hau bango, ta bi bayan jeren kwanuka, ta shige ƙarƙashin murfin wata babbar kwalla ta ƙarfe. Na ɗaga murfin. Ga shi naɗe cikin ɗankwali, ya yi zafi, fitilarsa na ƙiftawa.

"Ranar da za ta tafi ta sa shi," in ji Ummi. "Ta ce abu mai tsada ba a barin shi a fili, jikoki za su taɓa."

Na fito da shi, na ɗora kan taga. Kafin in koma zoben ya ɓace. Fili ya cika tele, fari fat da mutane, da lemomi.

Muka tallafi Baba Dogo da matashi. Ya daɗe yana kallo, bakinsa na motsi. Can ya ɗaga yatsa.

"Ga ta can. Mai koriyar lema. Kun ga tafiyarta?"

Daga sama ake ɗauko hoton, mutum bai fi ƙwayar gero ba.

"Na gani, Baba," na ce.

"Ba ta sha ruwa ba, na san ta."

Bai ƙara magana ba. Ya cika bayan la'asar, alhazai ba su tashi ba tukuna.

Da muka dawo daga maƙabarta na shiga ɗaukar hulata. Ba wanda ya kashe tele. Ummi ta wuce ni da akwatin a hannu, ta naɗe shi cikin ɗankwalin uwarta. Na ji ƙarar murfi daga ɗakin. Hoton ya tsaya cak, mutane da ƙafa ɗaya a sama.