Garun Bakwai

Duk baƙon da ya sauka daga babur a dandalin Kafin Yakaka, ko da ruwa ya tsaya sha, sai Badaru magini ya kama hannunsa ya zagaya da shi. Ga rijiyar da Yakaka ta haƙa sa'ad da ta iso daga Borno da jakai biyu. Ga tsamiyar da masunta ke shanya koma. Ga turken ƙarfen da ba wanda ya san dokin da aka ɗaure a jikinsa. Daga nan sai ya kai ka gaban wani gutsuren ganuwa mai tsawon taku talatin, ya sassauta murya.

"Garun Bakwai ke nan," in ji shi. "Ranar da Turawa suka ci Haɗeja, mutum bakwai na garin nan suka dawo jina-jina. Nan suka cika, a gindin nan aka sa su. Na farkonsu kakan babana ne."

Gidansu ne ke yi wa garun yaɓe duk kaka, in an gama kowane namiji na gidan ya danna tafinsa a ɗanyen yaɓen. Tafin Badaru na bara yana nan, kusa da na ƙanensa Yunusa, wanda ya bar gini ya koma noman shinkafa a Unguwar Gangare. Badaru kuwa Allah Ya ba shi hannu, Ya hana shi haƙuri. Akuya ma in ta soshe jikinta da garun nan sai mai ita ya ji a jikinsa.

A daminar nan kogi ya cika, ciyawar kacala ta toshe masa hanya, ya juyo kan gari. Hanyar Auyo ta yanke, gonaki suka nutse, makabarta ta bi su. Jinga ɗaya ce ta rage tsakanin ruwa da gidaje sittin na Gangare, ita ma tana yoyo. Buhuna akwai, ƙasar cika su ce babu. Ko'ina taɓo ne, taɓo kuwa ba ya zama a buhu.

Ranar Talata da hantsi Yunusa ya hau dandali da mutum ashirin, kowa da diga ko shebur. Badaru ya riga su, ya jingina da garu, ƙotar gatari a hannu, 'yan'uwansa magina a bayansa.

"Yaya, ba faɗa ya kawo mu ba," in ji Yunusa. "Ruwa ya kai leɓen jinga. Rabin ƙasar garun nan za mu ɗiba mu cika buhuna. Da kaka in zo mu gina tare."

"Da me za ka gina ƙashin kakanka?"

"Su sun mutu don garin nan ya tsira. Ka bar su su ƙarasa aikinsu mana."

"Kai, Yunusa! Na rantse da Wanda Ya halicce ni, duk wanda ya sa ƙarfe a ƙasar nan, sai dai uwarsa ta haifi wani."

Ba a san wanda ya fara jifa ba, kuma har gobe kowane ɓangare na rantsuwa. Dutse ya sami wani magini a goshi, jini ya rufe masa ido, shi ke nan wuri ya kaure. Shebur ya tsinke wa Khalid masunci kunne. Aka danne wani a bakin rijiya ana kirɓa masa gwiwa a haƙarƙari. Kaskon 'Yar'azumi mai suyar kifi ya kife, tafasasshen mai ya bi ƙafafun mutane, ihu ya cika dandali. Mutanen da suka yi sallar asuba a sahu ɗaya ne fa waɗannan!

Yunusa bai taɓa kowa ba. Ya ba yayansa baya, don a ransa ba ya jin akwai abin tsoro a can, ya ɗaga diga ya kafta wa garu. Yaɓe ya zubo da tafukansu biyu, nasa da na yayansa.

Idon Badaru ya rufe. Da hannu biyu ya sauke ƙotar a ƙeyar ƙanensa. Ƙarar ba ta fi ta fashewar ƙwarya ba, amma kowa ya ji ta. Yunusa ya durƙusa, ya kifa, ƙafarsa ta shura sau biyu. Badaru ya yar da ƙotar ya rungume shi yana kiran sunansa, jini na bin gwiwar hannunsa. Tsoro da nadama suka kama shi lokaci guda, har ya kasa kuka.

Ana wannan, ba kowa a kan jinga. Kafin azahar, jingar ta ɓalle. Matan Gangare suka hauro dandali da tabarmi da tukwane a ka, cikinsu har da Bushira matar Yunusa, ta tarar da mijinta a lulluɓe ƙarƙashin tsamiya.

Dagaci ya aika kwalekwale ya kira 'yan sanda, amma gawa ba ta jira. Aka yi wanka, aka yi salla. Sai ina za a sa shi? Duk garin wuri ɗaya ne busasshe, gindin garu, kuma ba wanda ya yarda ya sa masa ƙarfe. Dagaci ya ɗauki digar Yunusa, ya miƙa wa Badaru.

"Kai ka yi rantsuwa. Kai za ka haƙa."

Ya haƙa a daidai inda yake tsayar da baƙi. Da rami ya kai ƙugu liman ya ce, "Ya isa, Badaru." Bai ji ba. Da ramin ya kai ƙirji, ya yar da diga, ya shiga tono da yatsu yana lalube, ko ƙashi ɗaya, ko guntun laya, ko bakin mashi da zai ɗaga ya nuna wa Bushira. Sai da mutum uku suka ciccibo shi.

Ya zauna a bakin kabarin yana kallon tsibin da ya tara. Ƙasa ce kawai, ja, busasshiya, irin wadda ke zama daram a buhu.